Ɗiyan Wuri a Gindin Rijiya

Duk tsawon aikina a sarwis ɗin ruwa, wato ma'aikatar ruwa, ban taɓa mantawa da ranar da aka tura mu wani ƙauye bayan Dogon Kiriya ba, a wata bazara ta farkon mulkin kai. Ni lebura ne lokacin, mai shiga rijiya. Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, da muke kira Mushe Ibro irin na Faransanci, a bakin teku ya yi karatu, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Mutanen ƙauyen sun yanke shawarar cike rijiyarsu, alhali ita kaɗai gare su; in aka binne ta, mata sai tafiyar wuni neman ruwa. Al'adarsu ce a jefa wa doguwar rijiya, wato aljanar da ke cikinta, ɗiyan wuri in an yi haihuwa. To, sai guga ya fara fito da su a zaizaye, sun dushe, kuma duk fitilar da aka zura sai ta mutu. Inna Dela, tsohuwar da ke yi wa doguwar hidima, ta ce fushi ne.

Ƙa'idarmu, ba a shiga sai an kore mummunar iska. Muka ɗaura reshen kalgo mai ganye a igiya, muna ja muna saki, har fitila ta sauka ba ta mutu ba. Sannan aka zura ni.

Can ƙasa shiru, ga sanyi. Sama ta koma kamar faifai. Simintin bango yana marmashewa a hannu, ɗiyan wuri kwance fari fat ƙarƙashin ruwa. Na tsaya ina kallonsu, ina tunanin wani ruwa marar gaɓa da ban taɓa gani ba. Wallahi ban so fitowa ba, sai da suka girgiza igiya.

Shef ya karɓi wurin da na ɗebo, ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Inna, irin iskar da muka hiddawa in mun yi numfashi, wadda wuta ka hiddawa, ita ta taru ƙasa. In ta narke cikin ruwa sai shi yi tsami kaɗan, tsamin nan shi ka cin wuri da siminti. Teku ma, inda wurin ga ka rayuwa, haka yaka shan ta. In ya sha da yawa, ba su iya gina ɓawonsu."

"Ɗana, wuri rai garai?"

"Rai garai, Inna."

Ta daɗe tana juya shi a tafin hannu. Sannan ta ce wa mai gari kada a cike rijiya, a bar mu mu gyara bangon. Na ji daɗi har cikin raina.

Muna naɗe igiya ta kira shef. "Rijiyarmu kun kaɗa mata reshe. Shi tekun, wa ka kaɗa mishi?"

Mushe Ibro, mai amsar komai, sai ya sunkuya ya kama mana naɗin igiya.

Ku matasa, abin da na koya shi ne, kafin ku gyara rijiya ku zauna da masu ita. Mun je musu da amsa, muka dawo da tambayar da har yau ban ji wanda ya amsa ta ba.