Bin Sawun Shafin Citta

Abin ya daɗe, saboda haka ba zan rantse a kan kowane ɗan bayani ba. Na fi zaton a 1999 ne, da damina, ko da yake matata ta ce tun kafin ruwa ya sauka muka fara. Mai yiwuwa ita ce da gaskiya. Abin da na tabbata shi ne na gama bautar ƙasa, ban sami aiki ba, ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, kaina kuma ya cika da wani sabon abu da na gani a Jos wai shi intanet.

Kawuna shi ne shugaban wata ƙaramar ƙungiyar manoman citta daga ƙauyukanmu na wajen Nok. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, dattijo a coci. Ni na jawo wa kaina, da na ce masa zan iya yi wa ƙungiyar shafi a intanet, yadda masu sayen citta na ƙasashen waje za su san da mu. Na ce "mai yiwuwa", na ce "in an dace". Shi bai ji waɗannan ba. Ranar Lahadi bayan sujada ya miƙe a taron ƙungiya ya ce kafin a tone cittar bana sunansu zai shiga kasuwar duniya, kuma ɗan ƙanwarsa ne zai kai shi. Aka tafa. Aka yarda a riƙa ba ni kuɗin mota daga asusu. Tun daga ranar mutuncin Kawu ya hau wuyana.

Yin shafin bai ba ni wuya sosai ba. A Kafanchan babu inda ake shiga intanet a lokacin, ko dai ni ban sani ba, sai na tafi Jos, wani shago mai kwamfuta biyu da layin tarho ɗaya. Na sa hoton busasshiyar citta a shanye kan dutse, na sa hoton 'yan ƙungiya sun jeru da fartanya, na sa lambar akwatin gidan waya. Da hoton ya gama saukowa, daga hulunansu har zuwa takalma, sai da na riƙe bakin tebur don murna.

Sai dai shafi ba ya kiran kowa. Kamar ka kafa rumfa ne a tsakiyar daji. A lokacin akwai wani babban kundi a intanet da mutane ke dubawa in suna neman abu, an kasa shi layi-layi kamar kasuwa: ga layin ƙasashe, ga na sana'o'i, ga na abinci. Ba inji ke sa shafi a ciki ba, mutane ne masu aikin sa kai, kowa a gidansa, a ƙasarsa. Kai dai ka tura adireshin shafinka da gajeren bayani, ka jira wani ya duba. Na tura, na dawo gida.

Da na yi wa Kawu bayani muna zaune ne a shagon Alhaji, ɗan kasuwar da ke sayen cittarsu tun zamanin mahaifinsa. Shi da Kawu abokan tsokana ne. Alhaji na kiransa Reluwe, shi kuma yana kiran Alhaji Mai Sikeli.

Kawu ya ce, "Wane ne oga a wurin?"

Na ce, "Babu oga, Kawu. Sa kai suke yi, ba a biyansu."

"Kamar matan zumunta da ke share coci?"

"Kusan haka."

Alhaji ya yi dariya. "Ai ko matan zumuntar, Reluwe, in ba ka gaishe su ba, bencinka ne na ƙarshe a shara."

Na ce musu a rubuce yake cewa sau ɗaya ake turawa, a jira. Na karanta dokar har na kusa haddace ta. Kawu ya dube ni da tausayi.

"Mai digiri, kowane ofis a Kaduna an rubuta 'ba a shiga' a ƙofa. Da na bi rubutu, da har yau ban ga fansho ba. Fayil da ba a bin sawunsa, ɓera ne ke cin shi. Ka je ka nuna fuska."

"Kuma kada ka je hannu rabbana," in ji Alhaji. Ya sa aka zaɓo citta mai kyau, farar tas, aka ɗinke a ɗan buhu, ya ce da zarar na sami adireshin mutumin a aika masa ta gidan waya.

Ban ce na yarda da su ba, amma ban ce ban yarda ba. Ni ma a ƙasar nan na girma. Takardar shaidar digirina ma sai da na yi ta sintiri kafin ta fito. Na ce a raina, wa ya sani, ƙila can ma haka ne, rubutu daban, aiki daban. Saboda haka kowane mako sai in hau mota ta Kagoro in nufi Jos, in sake tura shafin. Wajen gajeren bayani kuwa, Kawu ya ce rashin tarbiyya ne ka faɗa wa mutum da buƙata ba gaisuwa. To sai na riƙa farawa da gaisuwa cikin Turanci: ina kwana, ya aiki, ya iyali, ya ruwa a wajenku. Wani mako na ƙara da cewa Kawu na gaisuwa, wani mako Alhaji, har da maganar buhun cittar da ke jiran adireshi. Gurbin ƙarami ne, sau da yawa gaisuwar ke cinye shi kafin in kai ga maganar citta.

Ina dawowa za a tare ni a tasha. "An shiga?" In ce tukuna. Ganyen citta ya fara rawaya a gonaki. Wasu 'yan ƙungiya suka fara tambaya, cikin ladabi dai, ko Jos ɗin akwai wata yarinya ce. Kawu ya daina zama bencin gaba a taro.

Sai wata rana na buɗe akwatin imel ɗina na tarar da saƙo daga wadda ke duba layin Najeriya. Mace ce, in ban manta ba ta ce tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, a wata ƙasa mai sanyi. Ta ce iyalinta lafiya, ta gode, ruwa kuma ya yi musu yawa bana. Ta ce a gaida Kawu da Alhaji. Sannan ta ce tana bin masu jira ne bi da bi, kuma duk lokacin da na kusa zuwa gabanta sai in sake turawa, sabon ya goge tsohon, in koma ƙarshen layi. Ta ga haka ya ƙi ƙarewa ne ta rubuto. Ta roƙe ni don Allah in zauna wuri ɗaya. Buhun da na ambata kuma, ta ce ba a yarda su karɓi komai ba, amma ta ji daɗi.

Na karanta, na sake karantawa, sai dariya ta kama ni har mai shagon ya leƙo. A mota ma ban daina ba. Wata mata mai kwandon tumatir ta matsa nesa da ni.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka gani? Ya san mu yanzu. Har ya gaishe ni." Mace ko namiji, duk "ya" ne a Hausar Kawu.

Na ce, "Ta ce mu daina zuwa, Kawu."

"Haka suke cewa."

Nan ne, a karo na farko, na tsaya da ƙafata. Na ce ba zan je ba. Alhaji ya goyi bayana, ya ce ko a ciniki, in mai kaya ya ce ka ba shi zuwa jibi, ba ka kwana a ƙofarsa. Makonnin da suka biyo baya sun fi na sintirin wuya. Kawu kan zo shagonmu ya zauna, ya dubi hanyar tasha, ya dube ni, ya yi tsaki. Ni kuma ina buga wa mutane takardu ina kuskure, ina tunanin ko matar ta manta, ko ta yi rashin lafiya, ko na yi wa Kawu asarar abin da ya rage na mutuncinsa.

An fara tonon citta lokacin da na koma Jos. Na buɗe kundin, na shiga Afirka, na shiga Najeriya, na shiga Kaduna. Layin tarho ya yanke. Aka sake haɗawa. Sai ga wani sabon layi da babu shi a da: Kafanchan. Na danna. Mu kaɗai ne a ciki. Ta rubuta bayanin da kanta, jimla ɗaya, manoman citta na kudancin Kaduna, busasshiya da ɗanya. Saboda mu aka yanka wa garinmu layi a kasuwar duniya. Na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. Na gaisa da wani baƙo da ke jiran kwamfuta, hannu biyu, ban san shi ba. Na sa aka buga mini shafin a takarda, na sa ta cikin riga don kada ruwa ya taɓa ta, ko da yake ruwa ya riga ya ɗauke.

Daga tasha da gudu na tafi, ni da ban cika gudu ba. Kawu ya karɓi takardar ya riƙe ta nesa da ido, ya nemi kalmar Kafanchan da yatsa, ya same ta. Sai ya fara taka rawar garinmu a tsakiyar shagon Alhaji, tsakanin buhuna. Alhaji na kaɗa masa farantin sikeli yana cewa, "A hankali, Reluwe, kada ka sauka daga layi." Ranar Lahadi Kawu ya koma bencin gaba, takardar ta zaga hannu-hannu har ta yi laushi. Buhun da aka ɗinka wa matar aka farke, matan zumunta suka yi kunun zaƙi da shi, yaji har hawaye.

Ko an sami mai saye ta wannan hanya? Ba zan ce e ba. Wasiƙar farko da na tuna ta zo akwatinmu daga wani ɗalibi ce, yana tambaya a kan kawunan yumɓu na Nok. Amma alkawarin Kawu shi ne suna zai shiga, kuma ya shiga kafin a gama tono. Har ya rasu yana cewa bin sawu ne ya yi aiki, Alhaji na cewa gaisuwa ce. Ni ina ganin zaman ne, ko da yake ba don sintirin ba da ƙila ba ta rubuto ba.

Akwai 'yan ƙungiya da yawa da suka ga wannan da idonsu, wasu sun riƙe takardar. Duk wanda ya tuna shi ba haka ba, ko shekarar, ko wanda ya fara rawa, ko abin da aka yi da buhun, ina roƙo ya aiko mini in gyara.