Dami Huɗu da Hajiya Ta Ƙi Karɓa

Shekarar da na fara fitar da zakka da hannuna, ita ce shekarar da wata tsohuwa ta kusa sa mini hawan jini tun ban san sunan ciwon ba. A cikin shekarun hamsin ne, Bature bai tafi ba tukuna. Mahaifina ya rasu ya bar mini gandu da ƙanne a ƙauyenmu, tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Damina ta yi kyau, dawa ta yi kai har tana sunkuyawa. Da muka gama ɗauri na ware ɗaya cikin goma kamar yadda addini ya ce, dami huɗu suka fita. Na tsaya ina kallonsu ina jin kaina wani babban mutum. Ban ɓata lokaci wajen tunanin wanda zan ba ba, don ga ƙanwar kakana nan.

Ita wannan tsohuwa Hajiya kowa yake ce mata, kuma a lokacin ita kaɗai ce Hajiya a duk karkararmu. Da ƙafa suka je Makka ita da mijinta, shekara tara zuwa da dawowa. Mijin ya rasu a hanya, ita ta dawo da buta da tabarma da labari cike da baki. Ba ta da ɗa a raye. Tana zaune ita kaɗai a gidan mijin, can unguwar bakin daji, ta ƙi dawowa cikinmu, wai hayaniyar yaran gidanmu ta fi ta kasuwa. Tunda kakata ce wasa muke yi, in ce mata amarya, ta ce mini ragon miji. A shekarar nan birai suka sauko daga daji suka yi wa gonarta kaca-kaca. Abin da ta girbe bai kai rabin ɗan rumbunta ba, kowa kuma ya san ba zai kai ta bazara ba. Na tambayi liman, ya ce ƙanwar kaka ta halatta a ba ta, ita ce ma ta fi cancanta.

Na ɗora wa jaki kaya, na sa rigata ta Juma'a, na isa da hantsi. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni, ina jiran ruwan addu'a. Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ragon miji, wa ya ce maka ni matalauciya ce?"

Ta tura mini 'yar kujera da ƙafa, ta fara yi mini karatun duniya. Wai a Barno da sauƙi, akwai gero akwai kifi. Da ka wuce ka shiga ƙasar da Faransa ke mulki, ta ga mata suna tona gidan tururuwa su kwashe ƙwayar da ke ciki, su sheƙe su dafa wa yara. A Sudan ta yi shekara uku tana tsinkar auduga, inda mutum yake da shayi da sukari amma ba shi da taki ɗaya na ƙasa da zai ce tasa ce. Da aka haye teku ta ga masu kwana a ɗakin buhu da gwangwani, ruwan sha ma sai sun saya. Ta ga alhazan Indiya waɗanda za ka ƙirga haƙarƙarinsu ta cikin riga. Tana faɗa tana lanƙwasa yatsu, kowace ƙasa da nata yatsan, mu kuwa kullum muna kan babban yatsa. Ta ce mai rijiya a ƙofar gida da akuya biyu da bishiyar kuka, in ya karɓi zakka ya ci haƙƙin waɗancan.

Na ce mata waɗancan suna da nisan shekara huɗu, jakina ba zai kai ba. Ta ce wannan matsalata ce da jakina. Na ce to na fasa zakka, kyauta ce daga miji zuwa amarya. Ta yi dariya har da tari, ta ce ta gane ta, zakka ce ta sake riga. Haka na koro jakina da kayansa na ratsa unguwa, mata suna leƙe ta kan danga. Na ji kunya, kuma na ji haushi ƙwarai.

Ni ma dai jininta ne, taurin kai bai tsallake ni ba. Na jira ranar da ta tafi bikin suna Burumburum, na je da rana tsaka na buɗe rumbunta na zura dami ɗaya ƙarƙashin nata, na mai da murfi, na share sawun jaki da reshe. Na manta dawarta kaura ce, tawa farfara. Kwana biyu aka yi sai ga wani makaho na unguwarsu ya zo har gida yana yi mini godiya, wai Hajiya ta kai masa dawa ta ce daga gare ni take. Bayansa wata mai jego ta aiko da tata godiyar. Na zauna ina amsa amin ina cizon haƙora, matata tana ɗaka tana dariyar da take tsammanin ba na ji.

Sai na nemo mataimaki. Akwai wani tsohon soja mai gyaran keke a kasuwar Tudun Wada, wanda yaƙi ya kai shi Indiya da ƙasar Bama. Na ce shi ma ya ga duniya, shi zai iya da ita. Na saya masa goro, na kai shi, ya yi mini alkawarin zai nuna mata mu ne a ƙasan kowa. Ya fara da kyau. Ya ce ya ga birnin da ake ɗora gida kan gida, fitila tana ci ba mai, ruwa yana fitowa daga bango. Ya ce ƙaramin sojan Bature kullum sai ya ci nama, mu kuwa sai salla ko suna. Hajiya ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi su wa ke kwana a gindin gidajen nan masu hawa. Ya ce gaskiya akwai su da yawa. Daga nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ba ta labarin mutanen da suke zuwa bakin sansani da kwano suna roƙon ruwan da aka tace daga shinkafa. Ita kuma ta kawo Baturen da ke haƙar kuza a Riruwai, ta ce ba shi da gona ba shi da rumbu, abincinsa a gwangwani, ya baro ƙasarsu ya zo yana tonon yashi a tamu, ita kam tausayinsa take ji. Kafin la'asar sun zama baki ɗaya. Ya cinye mata gyaɗa, ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce in ji tsoron Allah in ƙyale baiwar Allah, mu ne sarakunan duniya ba mu sani ba.

Dami ukun da suka rage na ajiye su gefe guda a rumbu, ban ba kowa ba, ban kuma taɓa ba. Liman ya yi mini faɗan jinkiri, na ce na ji.

Bazara ta shigo, wasa ya fara fita daga maganar. Tuwon da matata ke aika mata ranar Juma'a shi kaɗai take karɓa, shi ma kwanon ba ya dawowa sai da daddawa ko kuka a ciki. In na je na tarar da tukunyar ganye a murhu, ta ce ai don daɗi take ci. Zanenta ya fara yi mata yawa, wuyanta ya fito. Tana tsokanata kamar kullum, ni kuwa tsoro nake ji kada tsohuwar nan ta mutu da yunwa ga hatsinta a rumbuna.

Ranar da abin ya juya, an yi ruwan shuka da kwana uku, ina ƙofar gida ina gyara ƙotar fartanya da safe. Na ɗaga kai sai ga ta tafe da sanda, da babbar ƙwarya a ka, ba komai a ciki. Ban taɓa ganin ta zo gidanmu da ƙwarya wofi ba. Na tashi na gaishe ta, ta ce in zauna.

Ashe baƙi ta yi. Wani mutum ne da matarsa da 'yarsu, daga ƙasar Gwanja, sun nufi Makka da ƙafa. A kasuwa aka ce musu akwai tsohuwar da ta san hanya, suka zo tambaya. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta hau rumbu, ta tarar abin da ya rage bai cika mudu ba. Ta dama musu kunu da shi, yanzu kuma ga rana tana tafiya.

Na buɗe baki zan rama duk abin da ta yi mini, don na daɗe ina tanadin maganar. Ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya, jikana. Duk ƙasashen nan da nake jera maka, su suka ciyar da ni. Matan da suke tonon gidan tururuwa, da ni aka ci. Da mijina ya rasu, wata mata a Sudan da ba ta da komai sai tabarma ta raba kwanonta da ni wata uku. Shekara tara hannuna yana miƙe. Ranar da na tako ƙasar nan na ce ya isa haka. Amma ba zan bari mutanen nan su wuce su ce a garinmu aka sallame su da kunu ba."

Maganar da na tanada ta ɓace. Idona ya cika, na juya na yi kamar igiyar jaki nake nema. Ita kuwa ta riga ta koma halinta, tana bina har bakin rumbu tana cewa kada in ba ta wadda ƙwari suka taɓa, kuma in yi sauri, rago kawai. Na ɗora dami ukun, matata ta ƙara kuɓewa busasshiya da man shanu, na kama zakara ɗaya ban yi shawara da kowa ba. Muka ratsa unguwa ita a gaba da sandarta, tana amsa gaisuwa da ƙarfi don kowa ya fito ya gani.

Ranar gidanta ya cika. Matan maƙwabta suka zo sussuka da daka, taɓare uku a turmi ɗaya, har da waƙa. Baƙon Hausarsa kaɗan ce, muka zauna a inuwa muna haɗawa da hannu muna dariya. Hajiya tana tsugune tana zana musu hanya a ƙasa da tsinke, tana gaya musu inda rijiya take da zurfi da inda mutane suke da kirki.

Da azahar aka sauke tuwo. Daga inda muke ina hango matan a ƙofar ɗaki. Baƙuwar ta wanke hannu amma ta kasa sawa a akushi. Ta dubi ramar tsohuwar, ta dubi ɗan rumbun, ta ce ita dai tana jin nauyi, kada su cinye wa uwa abincinta. Hajiya ta kama hannunta ta tsoma a miya, ta yanki loma babba ta kai bakinta ita ma.

"Ci, 'yata," ta ce, baki cike. "Wannan na talakawa ne. Ni da ke muke da shi."