Dewey da Tanar Roba

Merlene, matar ɗana Dewey, ita ta fara gaya mini yadda yake kama kifin bas a tafkin Guntersville. Wai sai ya soke tanar roba a tsakiya da ƙugiya, ya jefa, ya saki zare ta nitse da kanta.

Ta ce, "Mama, kifi kaɗai yake wa haƙuri. Ni ko daɗewa na yi a coci, sai faɗa."

Dewey yana wurin, sai na ce, "Kai Dewey, sassauta wa yarinyar nan zare mana."

Ya yi dariya. "Mama, ko kwaɗo kin taɓa kamawa?"

Bara Merlene ta kwashe 'ya'yansu ta koma gidan iyayenta. Ina ta addu'a, Ubangiji ya sani. Yanzu haka Dewey yana can cikin jirgin ruwa shi kaɗai, yana jiran tana ta nitse.