Luguden Innata a Paris

Shekarun baya, ina karatu a Lyon, akwai wani maƙwabcina a benenmu na unguwar Vénissieux da nake gudu ba gaira ba dalili. DJ ne, mai sa faifai a buwat, wato gidan rawa, na maza masu son maza. Shi ma haka yake, bai taɓa ɓoyewa ba. In na hango shi a asansar, na'urar hawa bene, sai in bi matakala, hawa tara! Shi kuwa ya ɗaga murya yana dariya: "Bonjour Malam, motsa jiki ake?"

Mahaifiyata ba ta rubutu, kaset take aiko mini daga Damagaram. A na ƙarshe kafin rasuwarta, bayan gaisuwa da addu'a an manta ba a kashe rikoda ba, sai ta ɗauko ta tana daka da ƙannena mata, suna lugude tana waƙa. Wata safiya rediyona ya cinye zaren kaset ɗin. Na fizga da haushi, ya tsinke. Wayyo ni! Sauran kaset ɗin duk sun ɓace, iyakar muryarta ke nan da ta rage mini a duniya.

Kwana biyu ina juyi, na uku na ƙwanƙwasa masa ƙofa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Bai tsokane ni ba. Ya wanke hannu, ya ɗauko reza da fensir da wani siririn salatif, ya ce, "Zauna Malam, kuma kar ka yi numfashi a kaina." Ya miƙe zaren a hankali, ya yanke inda ya tauye, ya haɗa, ya sa a rediyo ya danna.

Sai ga Inna! Na fashe da kuka. Da aka zo wajen luguden kuwa, mutumin nan ya miƙe zumbur. "Wace ce wannan? Ji yadda taɓare uku ke shiga ba sa karo! Ka bar ni in sa wa mutanena."

Na ce, "Uwata a buwat? Allah ya kiyaye!"

Ya ce addu'arta da muryarta nawa ne, ƙarar taɓaren kawai yake roƙo. Da ƙyar na yarda.

Bayan shekara biyu sunansa ya kai Paris, ya koma can, ya aiko in zo rawar la'asar ta ranar Lahadi a buwat ɗin da yake sa faifai. Na je ina sunkuyar da kai. Layi har kwanar titi, kowa sunansa yake kira. Rawa ta yi zafi, kwatsam ya tsayar da kiɗa. Tsit. Sai dum, dum, dum, turmin gidanmu! Ya ɗora ganga a kai, wuri ya kaure da ihu, ana tafi daidai inda ƙannena ke tafawa. Ya nuno ni daga sama. Jama'a, ni da ko a biki ba na motsi, ranar na taka har takalmina ya fita.

Sida, cutar ƙanjamau, ta ɗauke shi kafin shekarun alif ɗari tara da tamanin su ƙare. Na samu zuwa likita na riƙe hannunsa, amma har yau ina jin haushin matakalar nan da na yi ta hawa.

Kaset ɗin na nan. Daidai inda Inna ke cewa "Allah ya haɗa ka da mutanen kirki", akwai wata 'yar ƙara, ƙas, wurin da ya haɗa zaren. Ɗana ya ce na'urar yanzu za ta iya goge ta. Na ce kar ya kuskura.