Sista Aina'u Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

Kafin jiniyar kamfanonin Sharada ta kira masu aikin safe, Sista Aina'u ta riga ta sauka daga adaidaita sahu, jaka a kafaɗa, tana tsallake kwatar da ke gudu da ruwan rini. Daga Dorayi take tasowa. Yau Sharada, gobe Challawa, wani lokaci har Bompai, duk inda ɗaya daga cikin mutanenta yake. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikinta a shekarun nan shi ne bibiyar masu ciwon sikila da suka yarda a gwada wani sabon magani a kansu. A watan nan ta ajiye aiki, shi ya sa ya dace a faɗi ko ita wace ce tun tana ji da kunnenta.

Kalmar gwaji ba ta da farin jini a Kano, kuma mutane suna da dalilinsu. Aina'u ba ta taɓa yi mata kwalliya ba. Takan zaunar da mutum ta gaya masa ana sa ran maganin zai rage tashin ciwo, amma su kansu likitoci ba su gama sanin halinsa ba. Zai iya kawo jiri, ko tashin zuciya, ko ƙuraje, zai ma iya taɓa hanta. Ranar da ka ga dama ka fita, ba mai ɗaure maka fuska. Ba ta sallamar mutum sai ya maimaita mata wannan da bakinsa, komai tsawon gemunsa.

Mu ne muka fi ba ta wahala, ba maganin ba. Bahaushe ko da ƙyar yake jan numfashi, ka tambaye shi jiki, zai ce da sauƙi. Tarbiyya ce mai kyau a zauren gaisuwa, a wurin gwajin magani kuwa tana iya kai mutum kushewa. Don haka Aina'u ta daina tambayar jiki. Sai ta tambayi me ka ci jiya, ka cinye ko ka rage. Ta kalli yadda kake sauka daga keke. Masu abincin bakin kamfani duk ƙawayenta ne, har ma'aikata na tsokanarta wai ta fi maigadi sanin shige da fice.

Cikin mutanenta akwai Lawal, mai ɗaukar jiƙaƙƙun fatu a wani kamfanin jima a Challawa. A da, ciwo yakan kwantar da shi kusan kowane wata, har shugaban sashensu ya fara yi masa kallon wanda za a sallama. Da ya shiga gwajin sai ciwon ya lafa. Damina ta zo ta wuce bai yi fashin aiki ba. Mutumin da ya tashi tun yarinta yana zaman jiran ciwo ya samu ya huta, don haka ya riƙe maganin nan hannu bibbiyu.

Mai garau-garau ce ta fara tsegunta wa Aina'u cewa Lawal ya kwana biyu yana barin rabin kwanonsa. Aina'u ta same shi da riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin bazara, yana susa a sace. Ya ce da sauƙi. Ba ta ja da shi ba, ta wuce Kumbotso wurin matarsa Sauda. Sauda ma ta ce da sauƙi, ta kawo ruwa, ta kawo hira. Aina'u ta sha ruwan, ta ajiye jaka, ta jawo faranti ta shiga taya ta tsintar shinkafa, alamar ba inda za ta. Can dai Sauda ta shiga ɗaki, ta buɗe wata samira, ta fito da roba cike da kafso.

Irin ƙwayoyin ƙarin lafiyar nan ne da ake talla a bakin kamfanoni, waɗanda masu sayarwa ke cewa suna hana jiki yin tsatsa. Wanda kullum yake ganin abin da tsatsa ke yi wa inji ba ya buƙatar dogon bayani. Sauda ce ta sayo da ta ga ƙuraje sun feso wa mijinta, fitsarinsa ya yi duhu, don su gyara abin a gida kada asibiti su ji su karɓe maganin. Shi kuma ya riƙa ninka adadin kafson da aka ce ya sha, wai don su fi saurin yi masa aiki.

Aina'u ba ta yi mata faɗa ba, don ta ga ƙauna ce ta jawo. Ta ce mata irin waɗannan suna da ranarsu idan likita ne ya ga jiki na buƙata, amma yawansu kaya ne a kan hanta, kuma yanzu ba mai iya cewa tsakanin su da maganin gwajin wanne ke cin Lawal. A ranar ta sa aka ɗebi jininsa. Hanta ta fara jigata, likitoci suka tsayar da duka biyun.

Washegari Lawal ya tare ta a bakin kamfani. "Sista, ku rufa min asiri. Ku ce musu kafson ne kawai, na daina. Idan ciwon nan ya dawo, aikina ya tafi."

"Lawal, ban sani ba ko kafson ne. Abin da ban sani ba ba zan faɗa ba. Akwai masu shan maganin nan bayanka, su ma suna da hanta."

Ya juya ko sallama babu. Ciwon ya dawo kamar yadda ya ji tsoro. Ya daina gaishe ta, idan ya hango ta sai ya sauya hanya. Abin ya sosa mata rai ƙwarai, har ta taɓa share hawaye a cikin adaidaita. Amma ba ta ɗauke ƙafa ba. Ta yi ta zarya a ofishin kamfanin har aka mayar da shi wurin shanya fatu, inda ba shiga ruwan sanyi. Duk tashin ciwo kuma tana gefen gadonsa, yana juya mata baya, tana gyara masa ƙarin ruwa.

Sista Aina'u, ke ce kika zaɓi mutum ya rayu yana fushi da ke. Uwar marasa ƙorafi, mai jin abin da aka ƙi faɗa. Idan wata rana maganin nan ya fito da gargaɗi a jikin kwalinsa, ba za a ga sunanki ba, amma ƙafarki ce ta tako shi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun na lafiya ne. Masu tasowa a aikin nan, ku ɗauki haƙurinta na jira har gaskiya ta fito. Mu kuma mu daina ɓoye wa mai duba mu abin da muke sha.

Ranar walimar bankwananta Lawal ya zo yana ɗingishi, don ciwo ya taɓa shi a makon. Ya tsaya a bakin ƙofa sai da mutane suka ragu, sannan ya matso.

"Hajiya, har yau idan ƙashina ya fara sara ina jin haushinku," in ji shi. "Amma gara in yi ta jin haushinku da a ce Sauda tana takaba."

Sai ya durƙusa ya gaishe ta.