Ranar da Na Rufe Bakin Birkila

Shekarun baya, ina sabon injiniya, kaina cike da karatu, aka ba ni kula da ginin aji biyu a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Babban birkilanmu dattijo ne, sa'an mahaifina. Shi da kafinta ba sa ga maciji. Wannan ya ce katako ya karkace, wancan ya ce bulo ne bai miƙe ba.

Ranar da kafinta ya gama kafa gorar da za ta tokare katakon rufi, dattijon ya soma magana, kafinta ya hayayyaƙo masa. Ni kuma, wai mai raba faɗa, na ce a gaban leburori kowa ya tsaya a kan aikinsa, ba ruwan birkila da katako. Dattijo ya ce, "To, Injiniya." Har ina yaba wa kaina.

Kwana uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Shirun nan ya hana ni sukuni. Saura kwana ɗaya a zuba kankaren rufi, jikina ya ba ni akwai abin da dattijon ya gani. Na kira mahaifiyata. Ta ce tunda a gaban mutanensa na kunyata shi, ba zai buɗe baki a wurin aiki ba, in bi shi gida.

Bayan la'asar na je, na tuɓe takalmi na durƙusa. Sai da na gama kame-kamena ya ce, "Ɗana, gorar nan a kan rairayi take, ba a shimfiɗa mata katako ba. Nauyi ya hau, ruwa ya jiƙa ƙasa, nutsewa za ta yi. Ga mutane a sama."

Da safe na ja kafinta gefe, mu biyu kawai, na nuna masa. Ya girgiza gora ɗaya, ta shige ƙasa. Da ƙafarsa ya je ya kira dattijon, tare suka gyara.

Tun daga nan ba na yanke hukunci a tsakiyar fili, sai na ji kowa shi kaɗai. Ginin yana nan lafiya lau. Amma har yau in na tuna mutum nawa za su hau rufin nan da kwanon kankare a ka, bisa umarnina, gabana faɗuwa yake.