Wutsiyar Kaset

Kafin abin ya faru, na yi imani cewa waƙar da ba ta ambaci sunan kowa ba, ba za ta jawo wa kowa fitina ba. Wurin abokina na koyi haka. Mutumin Tsibiri ne, tare muka yi jami'a. Ni na zama malamin lise, wato sakandare, a Maraɗi, shi kuwa ya ƙi aikin gwamnati. Yakan kaɗa gurmi a kan ƙarar injin niƙa, ya rera baitoci marasa amshi, ya kuma buga ƙananan littattafai da tafireta ya ajiye wurin masu shayi. Gidan rediyo bai taɓa sa muryarsa ba. 'Yan kabu-kabu ne ke yawo da kaset ɗinsa.

A shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, ya zo gidana a unguwar Zariya neman kaset. A lokacin ba mu cika sayen sabo ba. Tsoho muke toshe wa rami da takarda, mu ɗauki sabon abu a kansa. Na zaro ɗaya daga kwali na ba shi, ban saurara ba.

Waƙar ta wata rijiya ce da masu gadinta suka shanye. Kowa ya gane. Sai dai ta ƙare kafin zaren ya ƙare, masu juye kaset a kasuwa kuma ba su yanke komai. Da gurmin ya yi shiru, sai a ji sanƙira a ranar sunan ɗiyata, yana shelar sunana da na mahaifina da makarantar da nake koyarwa.

Wata safiya aka kira ni kwamisariya, wurin 'yan sanda. Jami'in ya kunna mini wutsiyar kaset ɗin, yana murmushi, ya kira ni da mushe, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu.

"Mushe, Allah ya raya. An ci rago ba a tuna da mu ba."

"Ta shekara huɗu yanzu, ranka ya daɗe."

"Madalla. Mai gurmin fa, shi ma ɗan biki ne?"

Na ce ban san muryar ba. Ya turo wata takarda gabana, ta dakatarwa daga aiki, saura sa hannu kawai. Ya maida zaren baya da biro, a hankali, ya sake kunnawa. A karo na uku na ji bakina yana cewa irin wannan kiɗin gurmi ya fi kama da na wajen Tsibiri.

Ban faɗi suna ba. Shekaru na yi ina jingina da wannan, alhali na san mutum ɗaya ne a Tsibiri ke waƙa a gindin injin niƙa.

Sun tsare shi makonni. Da ya fito ya koma Jiratawa noman rani. Na ci gaba da koyarwa. Bai sake ɗaukar waƙa ba, bai kuma sake taka gidana ba.